Ofishin Dulabhai a Saman Bene

Mijin yayata sunansa Tofazzal Hossain Talukdar, kuma ba ya yarda a rage masa ko ɗaya daga cikin ukun. Ni Parul, Dulabhai nake kiransa, yadda kowace ƙanwar mata ke kiran mijin yayarta, kuma tsokanarsa haƙƙina ne da babu mai ƙwace mini. Bene ɗaya muke a unguwar Mirpur ta birnin Dhaka, hawa na huɗu, ƙofa na kallon ƙofa: shi da yayar tawa Dilruba, da nake kira Apa, a dama, ni da mijina da mahaifiyarmu, da muke kira Amma, a hagu.

Shekararsa goma sha tara a kamfanin sayar da fanka, a teburi ɗaya, yana buga wa masu shaguna waya. Sau biyu ana naɗa shugaban sashe ana tsallake shi. To bana aka rushe ginin ofishinsu za a sake shi, aka ce kowa ya yi aiki daga gida. Shugabarsu, Madam Ferdousi, ta ce ƙarshen wata za ta naɗa sabon shugaban sashen talla, kuma tsakanin mutum biyu ne: Dulabhai, ko Jashim na hawa na biyu a benenmu. Dulabhai ya san in wannan ta wuce shi, sai dai a yi masa bikin ritaya a kan tsohon teburinsa.

Ranar da aka sanar, muna cin shinkafa da kifi a wurinsu, ya ture faranti ya ce, "Na gano sirrin."

Apa ta ce, "Ka gama cin abincin tukuna."

"Tufafi! Duk ma'aikatanmu sun koma ɗaura zanen lungi da singileti, suna amsa waya suna sosa ciki. Mutumin da ya ɗaura lungi, ƙwaƙwalwarsa ma lungi ta ɗaura. Ni kuwa daga gobe, kwat, falmaran, laktaye, safa, takalmi sau-ciki. Kullum. Daga tara zuwa biyar."

Na ce, "Dulabhai, ba kai ka ce Madam ta hana kunna kyamara a taronku ba, saboda layi na yankewa? Wa zai gani?"

Ya dube ni da tausayi. "Parul, kin yi karatu amma bai ratsa ki ba. Ana jin laktaye a murya."

Kwat ɗaya yake da shi a duniya, na ulu, baƙi wuluk, wanda ya sa ranar aurensa a tsakiyar sanyi, lokacin da cikinsa bai kai rabin na yanzu ba. Wannan kuwa watan Afrilu ne, lokacin da ko kare ba ya fitowa rana a Dhaka.

Washegari ƙarfe takwas da rabi sai ga shi ya fito tsaf, maɓallin falmaran na neman agaji, da jaka a hannu. Ya yi wa Apa sallama, ya leƙo ya yi wa Amma sallama.

Amma ta ce, "Ɗana, ba an ce ofishin ya rushe ba?"

"Amma, ma'aikacin ƙwarai ba ya faɗowa daga gado zuwa aiki. Sai ya fita, ya hau hanya, ya iso. Zan zaga unguwa a riksha minti goma, in dawo a matsayin wanda ya zo ofis."

Ya sauka ya tare riksha, keken nan mai ɗaukar fasinja. Mai rikshar ya tambaye shi ina za shi, ya nuna masa ƙofar da ya fito. Mutumin ya kalli ƙofar, ya kalli kwat ɗin, ya ce a hau.

Minti goma a Mirpur da safe! Suna shan kwana ta biyu suka faɗa cunkoso, bas a gaba, motar siminti a baya. Tara ta yi, tara da rabi ta yi. Kwamfutarsa na can ɗaki tana ƙara, Apa na tsaye a kanta da ludayi ba ta san me za ta danna ba. Sai goma da kwata ya dawo a ƙafa, ya jiƙe sharkaf. Ranar farko ta aiki daga gida, Tofazzal Hossain Talukdar ya makara da awa ɗaya da kwata.

Jashim ya tare shi a matakala, da lungi da kofin shayi. "Bhai, ɗan'uwana, Madam ta tambaye ka. Na ce ina jin go-sulo ne ya riƙe ka tsakanin ɗakin kwana da falo."

"Ka yi dariya yanzu, ƙarshen wata za ka kawo mini takarda in sa hannu."

Ya hau zai shige gida, sai ya tarar da Apa ta cika ƙofa.

"Cire takalmin."

"Ina bakin aiki, Dilruba."

"Kana bakin ƙofata. Da wannan takalmin ka tako kwatar kasuwar kifi. A ƙasan nan nake zama in yanka albasa, a nan nake shimfiɗa sallaya. Ko limami ne ya zo, a nan yake barin nasa."

"Manaja da safa kawai? Ina aka taɓa yi?"

"To manaja ya zauna inda takalmi ke zama."

Da gatse ta faɗa, shi kuwa ya ɗauka shawara ce. Kafin azahar ya jawo teburi da kujera ya kafa a filin matakala, tsakanin ƙofarmu da tasu, cikin silifas ɗin gida biyu. Ya jera kwamfuta, biro uku, da ƙaramar ƙararrawa irin ta kiran masinja, alhali ba shi da masinjan.

Na leƙo na ce, "Ranka ya daɗe, in zan zubar da shara, sai na rubuto takarda?"

"Ki bi ta gefe, kuma ban da surutu a harabar ofis."

Ku kuwa kun san mutanenmu. In suka ga mutum da kwat a bayan teburi, ba sa tambaya, layi suke yi. Kwana biyu kacal labari ya zaga unguwa cewa hukuma ta buɗe ofis a hawa na huɗu. Wata tsohuwa ta zo da katin zaɓenta da aka yi kuskuren shekaru. Wani ya zo ƙarar maƙwabcinsa da ke zubo masa ruwan wanki. Mata uku suka zo a kan iskar gas da ba ta zuwa sai an gama jin yunwa. Mai hankali zai ce musu shi fanka yake sayarwa. Dulabhai kuwa gyara laktaye ya yi, ya karɓi takardu, ya juya su gaba da baya, yana cewa, "Za a duba. Na gaba!"

Ranar Laraba ana tsakiyar taro, Madam na tambayarsa fanka nawa shagunan Gazipur suka karɓa, sai matar gas ta ƙwala ihu a kan kwamfutar: "Kwana huɗu ina dafa shinkafa da itace, kai kana nan ka harɗe cikin kwat!"

Madam ta ce, "Tofazzal Saheb, in akwai matsala a gida, ka je ka sasanta da iyalinka."

"Ba matata ba ce, Madam!"

Sannan Madam ta ce, "Jashim, ba mu lissafin Gazipur."

Mai gidanmu, Haji Motaleb, shi ma labari ya kai masa. Shi kuwa yana da hawa na shida da ya ɗora ba tare da ya gaya wa kowa a hukuma ba. Sai ga shi ya hauro yana haki, da kwalin kayan zaƙi a hannu, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Talukdar Saheb, ashe an samu ci gaba ba a gaya mana ba? Wannan na saman ai ba hawa ba ne, ɗan ɗakin ajiya ne da ya yi tsawo."

Dulabhai ya buɗe kwalin, ya ci uku, ya ce, "Za a duba."

Wallahi da ya tsaya a nan da ya sha. Amma sai ya ɗora da cewa, "Haji Saheb, tunda ɗakunan shida ne, fanka nawa za a kawo maka? In ka ɗauki goma akwai ragi."

Murmushin Haji ya ɗauke. Ya dubi teburin, ya dubi ni da nake riƙe da baki a ƙofa. "Parul, wane ofishi ne wannan?"

"Na fanka ne, Haji Saheb. Matarsa ce ta hana shi shiga da takalmi."

Haji ya fizge kwalinsa. "Ka cinye mini zaƙi da sunan hukuma! Matakalata hanya ce, ba kasuwa ba. In na dawo daga la'asar na ga teburin nan, kai da shi za ku sauka tare!"

Gida ba a shiga da takalmi, matakala an kore shi. Apa ta ce, "Don girman Allah ka cire takalmin ka zauna ƙarƙashin fanka kamar mutane." Ya ce janar ba ya ajiye bindiga don an canza masa sansani. Ya ɗauki teburinsa a ka ya hau saman bene.

Saman benenmu kuwa ba fili ba ne na banza. Akwai igiyoyin shanyar gida goma sha biyu, da tankin ruwa, da tantabarun Haji, da barkonon da Amma ke shanyawa a tabarma. Inuwa babu ko ta tsinke sai rana ta karkata. Ya kafa teburi a gefen tanki, ya ɗaure lema a jikin kujera, ya ce daga nan yana hango dukan kasuwar da zai mallaka.

Tantabaru suka karɓe shi hannu biyu. Kafin sati ya ƙare, kafaɗar kwat ɗin ta koma fari da baƙi. Iska ta taso ta bi ta kan barkonon Amma, ya yi atishawa goma sha ɗaya a kunnen babban dilansu na Chattogram, mutumin ya kashe waya ya kira Jashim. Rigar barcin matar hawa na uku ta tsinke daga igiya ta rufe masa fuska yana tsakiyar lissafi, mijinta ya hauro neman bayani. Ƙurajen zafi suka feso masa daga wuya har gadon baya, ya koma tafiya hannuwa a buɗe, Apa na barbaɗa masa hoda da yamma tana zaginsa a hankali.

Na kai masa abinci wata rana na tarar fuskarsa ta yi jawur. Na ce, "Dulabhai, ka dahu ko a ƙara wuta?"

"Wannan zufar shugabanci ce."

"Jashim fa ya sayar da fanka ɗari huɗu a satin nan, yana kwance a tabarma."

"Sayarwa daban, kwarjini daban. Madam na jin bambancin."

"Ta ce maka?"

"Ba sai ta faɗa ba."

Amma abin ya tsaya masa a rai. Wata guda yana gasuwa, kuma ban da Jashim babu mutum ɗaya a kamfanin da ya taɓa ganin ko maɓallin kwat ɗin. Sai ya rubuta wa Madam takarda mai shafi biyu, yana roƙon a kunna kyamara ranar taron ƙarshe, domin ma'aikata su ga fuskar wanda zai jagorance su. Madam ta gaji da shi ta amince.

Daga nan fa ba a ƙara zaman lafiya ba. Ya haddace jawabi yana maimaita wa tantabaru. Ya kai kwat wurin mai guga aka kankare aka goge. Ya bi gida goma sha biyu ƙofa ƙofa yana gayyata, har da Haji, wai a zo a ga yadda tufafi ke ɗaga mutum. Ranar Alhamis, taro ƙarfe biyu na rana.

Tun sha ɗaya ya hau ya zauna. Ya cire lemar, wai tana sa duhu a fuska. Ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi. Ya ƙara ɗaure laktaye har wuyansa ya kumburo ta sama. Mu kuma muka taru a ɗan gefen da tanki ya yi inuwa, mu kusan ashirin, kowa da mafici. Haji ya zo da kujerarsa, ya ce shi dai ya zo ne ya ga ƙarshen zaƙinsa.

Biyu saura minti biyar aka ɗauke wuta. Ya haɗa kwamfutar da wayarsa, ya danna shiga taro, abin ya tsaya yana ta juyi bai shiga ba. Ya ce kafin ya kama bari ya ɗan ɗanɗana mana jawabin. Ya miƙe, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Jama'a..."

Sai yatsan ya sauko, shi ma ya bi shi. Tim!

Apa ta ƙwala salati. Amma kuwa, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ita ta riga kowa isa. "Rana ce ta buge shi! Ku cire masa wannan bargon! Ruwa a ka, maza!"

Mijina da Haji suka hau shi. Kwat ya fita, falmaran ya fita da maɓallansa suna tsalle, riga ta fita, singileti ya yage. Wandon ya ƙi sauka sai da aka ja da mutum biyu. Wani ya fizgo lungi daga igiya aka ɗaura masa. Takalman da aka yi wata guda ana yaƙi a kansu, Apa ta cire su da hannunta ta yi jifa da su bayan tanki. Aka ciccibe shi aka ɗora a kujerarsa don a ji daɗin zuba ruwan. Amma na kwarara masa buta bayan buta a tsakar ka, matar hawa na uku na shafa masa man kwakwa a maɗiga, mu huɗu muna fifita.

Ni ce na fara jin muryar. "Tofazzal Saheb? Tofazzal Saheb, kana ji na?"

Na waiga. Layi ya kama. Fuskoki arba'in da ɗaya a jere cikin ƙananan akwatuna, Madam Ferdousi a tsakiya da tabarau a hannu, duk sun zuba ido. Na so in rufe kwamfutar, Allah ya sani na so. Amma kafin in ajiye mafici, muryar Madam ta riga ta shiga kunnen Dulabhai.

Ya zabura ya miƙe tsaye, ido a rufe saboda ruwa da mai, tumbi a gaba fari fat da hoda. Jawabin da ya haddace ya ɓalle da kansa.

"Madam! Abokan aiki! Ma'aikaci daga shigarsa ake gane shi. Ku dube ni da kyau, daga sama har ƙasa! Haka nake zama aiki kullum, wata guda cur, daga tara zuwa biyar, ban taɓa ragewa ba ban taɓa ƙarawa ba! Kuma in aka ba ni shugabanci, haka kowa zai riƙa fitowa, maza da mata!"

Ya buga ƙirji, ya ji tafin hannunsa ya sauka a kan fata. Ya buɗe ido ɗaya. Ya duba ƙasa.

Haji Motaleb ya faɗo daga kujera don dariya. A cikin kwamfuta wani ya ƙware da shayi, wata ta rufe fuska da gyale. Lungin kuma, da yake ba shi ya ɗaura da kansa ba, ya fara zamewa, Apa ta yi tsalle ta cafke shi ta baya.

Jashim ya hauro a guje daga hawa na biyu, ya tsaya gaban kyamara yana haki. "Madam, wallahi kullum da kwat yake, rana ce ta..."

Madam ta ɗaga hannu. "Jashim, na ga abin da na gani, na kuma ji abin da ya faɗa da bakinsa. Amma mutumin da zai rufa wa abokin takararsa asiri haka, shi nake nema. Kai ne shugaban sashe. A rufe taro."

Kwana biyu Dulabhai bai fito ba. Na leƙa na gan shi zaune a ƙasa ƙarƙashin fanka, ya tasa shinkafa a gaba bai taɓa ba. Shekara goma sha tara. Gaskiya ya ba ni tausayi, har na kasa tsokanarsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar aurensu.

Ranar Asabar takarda ta fito daga kamfani. Saboda abin takaicin da aka gani a taron Alhamis, daga ranar Lahadi, farkon satin aiki a wurinmu, kowane ma'aikaci zai zauna aiki da cikakkiyar shiga, maza da kwat da laktaye, kyamara a kunne daga tara zuwa biyar. Wayar Dulabhai ta fara ruri. Mutum bayan mutum, wasu na zaginsa, wasu na haɗawa da kakanninsa, wani ya ce yana da sanda kuma ya san benen.

Da safiyar Lahadi Jashim ya ƙwanƙwasa ƙofa, sabon shugaba, cikin kwat ɗin aro da ya fi ƙarfinsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, laktaye a hannu. "Bhai, Allah ya isa tsakanina da kai. Ɗaura mini wannan igiyar, ban iya ba."

Dulabhai ya tashi a hankali. Ya ɗaura masa, ya ja har sai da idon Jashim ya firfito, ya kakkaɓe masa kafaɗa, ya tura shi waje. Da ya juyo, na ga ƙirjin nan ya fara tasowa, na ce a raina shi ke nan, ya warke.

"Kin gani, Parul? Mutum arba'in da ɗaya. Jawabi ɗaya tak na yi, kamfani guda ya sa laktaye."

Apa ta ce daga kicin, "Kujerar shugabancin fa?"

Bai ko waiga ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kuma babu riga a jikina na yi shi. Ki yi tunanin da a ce ina cikin kwat."